In ka ga ruwa zai ci mutum a teku, ka faɗa ko ka tsaya?

Ɗan'uwa ka tambaya wai in mutum na nutsewa a teku, wanda ke tsaye a gaɓa ya faɗa ya ciro shi ko ya bari. Toh ni dai na daɗe ina jan doki a bakin ruwan Legas, tun Bar Beach na nan kafin a cike ta da yashi a yi Eko Atlantic, kuma a ganina taimako dole ne, amma ba da jikinka ba sai in an koya maka aikin. Ayar da ta ce wanda ya raya rai ɗaya kamar ya raya mutane duka tana nan, wadda ta ce kar ku jefa kanku cikin halaka ita ma tana nan.

Yaranmu sababbin zuwa daga Arewa su suka fi ba ni tsoro, yaro ya saba iyo a kududdufi ko dam ɗin Tiga sai ya ɗauka teku ma haka take. Akwai inda ruwa ke komawa ciki da ƙarfi, wajen sai ka ga ya kwanta lumui, kumfa kaɗan, launinsa ya ɗan yi duhu, nan mutane ke shiga don sun ga kamar ya fi lafiya alhali nan ne mugun wurin. In ya ja ka kar ka yi kokawa da shi, ka yi gefe ka bi tsawon gaɓar har ya sake ka.

Kuma mai nutsewa ba ya ihu irin na fim wlh. Shiru za ka gan shi, kai a ɗage, baki na nitsewa yana fitowa. Kana matsowa zai maƙale maka wuya ya hau kanka, ba mugunta ba ce, hankalinsa ne ya gushe. Na ga an fito da abokai biyu a rungume da juna, wanda ya shiga ceton ma ya fi iya ruwa.

Ka kurma ihu, ka nuna shi da hannu kar ka ɗauke ido, wani ya ruga wajen masu ceto ko masunta masu kwale-kwale, wani ya kira 112 ko 767 in a Legas ne. A jefa masa jarka marar komai a rufe, ko tub ɗin taya, ko igiya. In ma ya zama sai ka shiga, to jarkar ta kasance tsakaninku, ita zai kama ba kai ba. Masu ɗaga waya suna bidiyo kam Allah ya shirya su.

In an fito da shi don Allah a daina danna masa ciki wai a fitar da ruwa, amai zai yi ya shaƙe. In ba ya numfashi a hura masa iska a baki, a danna tsakiyar ƙirji sau 30 a hura sau 2, a yi ta maimaitawa. Ko ya farfaɗo ya ce lafiyarsa lau a kai shi asibiti, ruwan da ya shiga huhu kan tayar da matsala bayan wasu awanni.