Tambaya da Amsa: Tuwon Haɗuwar Dangi

Tambaya: Anti, duk Juma'ar ƙarshen wata dangi ke haɗuwa a gidan Hajiyarmu a Gwale, mu kusan ashirin. Wannan karon girkin ya faɗo kaina. Shinkafa nawa zan auna, kuma me ya sa tuwona ke saki?

Amsa: 'Yata, auna tiya ɗaya da rabi ta farar shinkafar tuwo, ki ƙara rabi saboda maƙwabta da baƙon da bai yi sallama ba. Kada ki ɗauko shinkafar dafa-duka, ba ta da danƙo.

Ki jiƙa ta awa ɗaya, ki zuba a ruwan da ya riga ya tafasa. Sakin tuwo daga yawan ruwa ne, ko gaggawar tuƙi. Ki bari sai kin murza ƙwaya da yatsa ta narke, ruwan ya tsotse, sannan ki sa muciya. Ki rage wuta, ki rufe ya turara minti 10, ki sake tuƙawa, ki malmala da zafinsa.

Miyar taushe ta fi dacewa da taro. Kabewa ta fara nuna, gyaɗa ta biyo, alayyafo da 'yar yakuwa a ƙarshe. In yakuwar ta yi yawa, tsami zai danne komai.

Kwanon maƙwabta ki fara fitarwa, yara su kai kafin a zauna. Sauran a zuba a manyan tire, mutum biyar-biyar, maza a soro, mata a tsakar gida. Na Hajiya kuwa daban, a langa mai murfi.