Kwamfutar ta tashi, amma littafin bashin fa?

Tambaya: Assalamu alaikum. Ni ɗan kasuwa ne mai sarin kaya, kuma duk lissafina yana cikin kwamfuta guda: abin da ke sito, bashin da nake bin mutane da wanda ake bina. Kwanakin baya ta fara daskarewa, faifan cikinta yana wata 'yar ƙara. Mai gyara ya kwafe komai ɗungurungum zuwa sabon faifai irin wanda ake kira SSD, yanzu tana tashi da sauri kamar sabuwa. Ya ce in bar masa tsohon faifan ya goge. In bar masa, in ci gaba da harkata?

Amsa: Wa alaikumus salam, Alhaji. Kada ka bar masa tukuna. Karɓo tsohon faifan yau, ka rubuta masa kwanan wata a jiki, ka ajiye shi inda ba zafi ba danshi, kuma kada kowa ya sake jona shi sai da dalili. Duk kunnawar da za a yi masa tana iya zama ta ƙarshe.

Ga abin da ya sa. Faifai yana ajiye bayani ne a ƙananan gurabe, kowanne bayit 512 ko 4096. Idan ya fara mutuwa, wasu guraben sukan ƙi karantuwa. Manhajar da ke kwafa, idan ta iso irin wannan gurbi, ko dai ta tsaya, ko kuma, in an umarce ta, ta tsallake ta ci gaba. Wurin da ta tsallake sai ya zama rami a sabon faifan. Abin da ke damuna a nan shi ne fayil mai rami a ciki yana nan da sunansa da girmansa yadda ka san shi. Ba za ka gane ba sai ranar da ka buɗe shi, wataƙila ranar da wani kwastoma ya ce ya biya, kai kuma kana neman shaida. Tashin kwamfuta da sauri bai ce komai ba game da wannan, kada ka yi wa rogo kallon kitse.

Saboda haka tambayar farko ga mai gyara ita ce: da wace manhaja ka kwafa, kuma gurabe nawa suka ƙi karantuwa? Wadda ake kira ddrescue tana barin rahoto na daidai wuraren da ta kasa ɗaukowa, Clonezilla da Macrium Reflect su ma suna da nasu bayanin aiki. Idan ya nuna maka rahoton ba kuskure ko ɗaya, rabin damuwar ta tafi. Idan ya ce bai duba ba, ɗauka akwai ɓarna har sai an tabbatar babu.

Binciken kwamfutar kanta bai fi aikin wuni guda ba, kuma zan ɗauka Windows kake amfani da ita. Kafin a taɓa komai, a kwafe fayilolin lissafinka zuwa wani faifai na waje, domin gyaran da zai biyo baya yakan yanke guntayen fayil da ya ga sun lalace. Sannan a yi chkdsk, umarnin Windows mai duba tsarin faifai, a kan sabon faifan, ban ce tsohon ba, don shi wahalar za ta iya ƙarasa shi. Idan bayan haka ka ga wata folda mai suna found.000 ta ɓullo, to an tsinci guntayen da suka rabu da iyayensu, kuma sai an gano na wane fayil ne. Daga nan a yi DISM /Online /Cleanup-Image /RestoreHealth, a bi shi da sfc /scannow, umarni biyu masu gyara fayilolin Windows. Shi ma sabon SSD a duba lafiyarsa da manhajar CrystalDiskInfo, domin sabon kaya ma yakan zo da aibi.

Sai dai a nan ne masu gyara da yawa suke tsayawa su ce an gama, alhali kai ba a fara naka ba. Umarnin sfc fayilolin Windows kaɗai yake dubawa. chkdsk kuma tsarin jeren fayiloli yake gyarawa, bai san ko adadin da ke gaban sunan wani kwastoma daidai ne ba. Dukiyarka tana cikin lissafin, kuma kai da akawunka ne kaɗai za ku iya tantance shi.

Idan manhajar lissafi ta QuickBooks kake amfani da ita, tana da Verify Data mai duba lafiyar bayanai, a yi shi, a karanta sakamakon kafin a yi gaggawar Rebuild Data mai gyara su. Idan manhajar shagonka a kan rumbun bayanai na SQL Server take, wanda ya saka maka ita ya yi DBCC CHECKDB, umarnin da ke duba lafiyar rumbun. Idan kuwa Excel ne, babu gajeriyar hanya: a buɗe kowane fayil, na bana da na bara, a gangara har layin ƙarshe. Bayan haka ku zauna da takarda. Ɗauki bayanin asusunka na banki na wata uku, ka gwada jimillar kowane wata da abin da kwamfuta ta nuna. Zaɓi manya goma cikin waɗanda kake bi bashi, ka gwada ragowar kowannensu da rasit ko saƙon da kuka yi. Ƙirga kaya kala biyar a sito, ka gani ko sun dace. Ka fi mai da hankali ga makonnin da kwamfutar take daskarewa, domin abin da aka shigar a lokacin shi ya fi zama cikin haɗari, tun kafin a yi kwafin ma.

In an samu fayil da ya lalace, a nan tsohon faifan zai yi rana. Ƙwararrun masu ceto bayanai sukan iya ɗauko abin da kwafin farko ya tsallake. Aikinsu da tsada, don haka ka auna: nawa ne bashin da ke cikin fayil ɗin, kuma za ka iya sake haɗa shi daga rasit? In za ka iya, ba sai ka kashe kuɗin ba.

Ni shawarata ka riƙe tsohon faifan har ka rufe lissafin wata biyu ko uku lafiya a kan sabon. Ko a lokacin ma, faifan da ke ɗauke da sunaye da lambobin kwastomominka da sirrin cinikinka ba abin barin wa kowa ba ne. A fasa shi a gabanka.

Abu na ƙarshe, Alhaji: SSD ba ya yin ƙarar da ta cece ka wannan karon, yakan mutu shiru lokaci guda. Daga yau lissafinka ya zauna a wuri uku, a kwamfuta, a faifan waje da ba ya kwana a shago, da kuma ma'ajiyar intanet. Sau ɗaya a wata ka sa akawunka ya buɗe kwafin ajiyar a wata kwamfuta dabam, ya nuna maka ragowar bashin jiya a ciki.