Ina Son Hira da Abokaina ta Bidiyo a Kwamfuta, Me Zan Saya?

Tambaya: Assalamu alaikum. Daga Tudun Wada, Kaduna nake. Kwamfutata ta tebur ce, ba ta da kyamara. Abokan karatuna sun watse, wani na Jidda, wani na Landan, muna so mu riƙa hira muna ganin juna. Wace kyamara zan saya, kuma yaya ake haɗa ta?

Amsa: Wa alaikumus salam, Malam. Kada ka zuba kuɗi a kyamara mai tsada. Ta USB mai 720p, wato matsakaicin kyan hoto, ta wadatar, kuma za ka same ta a shagunan kayan kwamfuta na titin Ahmadu Bello. Ka sa mai shago ya gwada ta a gabanka kafin ka biya. A Windows 10 ko 11, da ka jona ta za ta kama da kanta. In hoto ya ƙi fitowa, shiga Settings, sai Privacy, sai Camera, ka ba manhajar hirar izini.

Abin da ya fi ɓata hira shi ne murya. Sifikar tebur tana maida muryar abokinka cikin makirfo, sai ya dinga jin kansa, ga ƙarar fanka, ga janaretan maƙwabci. Abin kunne mai makirfo, ko da na waya ne, zai kashe wannan matsalar. Sai dai ka duba bayan kwamfutar: yawancin na tebur ramin makirfo daban, na kunne daban, don haka ka haɗa da 'yar wayar da ke raba su biyu.

Sai haske. Ka fuskanci taga, kada ka ba ta baya, in ba haka ba inuwa kawai za su gani. Da dare ka ajiye fitila mai caji a bayan kyamarar, kyamarar kuma daidai idonka, ba a ƙasa tana leƙen hanci ba.

Batun data, manhajar hira ta Zoom kan ci kusan gigabait ɗaya a awa in hoton HD ne, wato mai fitowa tar. Kashe HD ya rage kusan rabi. In da waya kake ba kwamfutar intanet, jona ta da kebul, ka ajiye ta inda sabis ya fi ƙarfi.

Skype kam ka manta da shi, Microsoft ta rufe shi a Mayun 2025. Zoom na kyauta yana yankewa bayan minti 40, Google Meet kuwa awa ɗaya in kun kai uku. Ni Meet nake zaɓa, don ba sai ka sauke komai ba.

Kwamfutar tebur ba ta da batir, ana ɗauke wuta hira ta ƙare, saboda haka ƙaramin UPS, wato na'ura mai batir da ke riƙe kwamfuta in an ɗauke wuta, ya fi maka kyamara mai tsada amfani. Wajen sa lokaci kuma, Jidda ta riga mu da awa biyu, Landan tana daidai da mu daga ƙarshen Maris zuwa ƙarshen Oktoba, sauran watanni muna gabanta da awa ɗaya.