Amsa: Juyen baƙin mai na moto da bidiyon YouTube

Malam, ka ce kana so ka yi wa motonka juyen mai da kanka a nan Tawa, ko bin bidiyo ya isa? Ya isa, amma kada ka fara kallonsa da kile a hannu. Ka kalle shi sau biyu har ƙarshe tun rezo na da ƙarfi, ka jera kaya: kile (galibi mai lamba 17 ke kwance notin ƙasan injin, inda tsohon mai ke fita), robar tarar tsohon mai, mazurari da tsumma. Sa salula cikin farar leda ka jingina ta da bulo, don yatsa mai maiƙo ba ya jan gilashi. Inda mai bidiyon ya yi sauri, mai da gudun bidiyon 0.5, wato rabin saurinsa.

Sharaɗin shi ne injin da ke bidiyon ya zama irin naka. Injin 110cc yakan sha wajen lita 0.8, na 125cc kusan lita 1, don haka sandar awon mai ta injin za ka bi, moto na tsaye daidai. Abin da bidiyo ba ya nunawa kuwa shi ne ƙarfin hannu. Gidan injin alminiyum ne, in ka danne notin da ƙarfin tsiya zaren zai cinye, mai ya riƙa ɗiga. Fara murza shi da yatsu har ya zauna, da ɗan zobensa a jiki (yakan faɗa cikin tsohon mai, a duba), sannan kile ta ɗan ƙara kaɗan.