Janairu, zinare da sauran abin da Rumawa suka bar mana a baki

Wani ɗalibi daga Zariya ya ce wai shin sunayen watannin Turawa suna da ma'ana ko haruffa ne kawai aka harhaɗa?

Ai ba ma na Turawan Ingila ba ne, su ma gado suka ci daga Rumawa. Janairu sunan gunkinsu ne Janus, mai fuska biyu, ɗaya na kallon gaba ɗaya baya, shi ne mai ƙofa da farkon kowane al'amari, har ƙofofin ɗakin tsafinsa a buɗe suke in ana yaƙi, sai an samu zaman lafiya a rufe, kuma da wuya ka ga an rufe ɗin don mutanen nan ba su san hutu ba. Maris kuwa Mars ne, gunkin yaƙi, kuma da can shi ne watan farko a wurinsu. Shi ya sa Satumba asalinta "bakwai" take nufi, Oktoba takwas, Disamba goma, alhali yau ita ce ta 12. Yuli an sa masa sunan Julius Kaisar a shekara ta 44 kafin haihuwar Annabi Isa (AS), Agusta kuma na magajinsa Augustus. Kalanda ma kalmarsu ce, ranar ɗaya ga wata ke nan. Abin da ke ɗan ba ni haushi, yaro zai lissafo maka waɗannan tsaf ko numfashi bai yi ba, amma ka ce ya faɗi watan da ke bin Safar sai ya hau sosa ƙeya. Ko watan Cika-ciki da na Azumin Tsofaffi ma yanzu sai ka bi tsofaffin kafin ka ji su.

Wata malama daga Maraɗi: zinare Hausa ce?

Ta zama Hausa. Daga dinari na Larabci muka samo, su kuma daga denarius na Rumawa, wanda abin dariya kuɗin azurfa ne.

Wani kuma ya ce da wace kalma zai fassara lares ta Rumawa, ya ga an rubuta "allolin gida".

Wannan fassarar raggo ce. Kowane gidan Barume akwai ɗan lungun da ake ajiye su, maigida ya zuba musu giya ko turare ko ɗan abincin da aka ci, don su tsare gidan. Bahaushe ai ya san wannan tun zamanin maguzanci, "kan gida" yake cewa. Rubuta "kan gida", kowane dattijo zai gane ka.

"Ba rana ɗaya aka gina Rum ba", karin magana ce?

Ta wasu ce dai, kuma ko Rumawan ba su suka yi ta ba, daga baya can aka ƙirƙire ta a Faransa. 'Yan jarida ne suka ɗauko mana ita. Muna da sannu ba ta hana zuwa, sai dai a daɗe ba a je ba, me ya yi zafi?

Na ƙarshe ya tambayi ko Rum ta cikin Suratur Rum ita ce ta Italiya. A'a, Rumawan gabas ne masu hedikwata a Kustantiniya, Istanbul ta yau, kuma lokacin sun daɗe da zama Kiristoci, sun bar su Janus.