Amsa kan faifan The Who na farko, ni ma na taɓa yin irin wannan mamakin

Ɗan'uwa na ga tambayarka tun jiya, cewa ka sauke albam ɗin My Generation na The Who, ƙungiyar mawaƙan Ingila, saboda an ce maka su ne iyayen rock mai ƙarfi, sai kuma ka ci karo da waƙoƙin James Brown, mawaƙin soul baƙar fata na Amurka, a ciki, shi ne kake tambaya ko kuskure aka yi wajen haɗawa. Babu kuskure wallahi, haka yake tun ranar da ya fito a watan Disamba 1965. Ni a hannun kawuna na fara jinsa, ya yi karatu a Ingila ya dawo da akwati guda na faifan garmaho, wannan yana ciki, kwalinsa duk ya cinye ta gefe, ga samari huɗu sun ɗaga kai suna kallon kyamara kusa da wasu durom-durom, ɗayansu ya yafa kwat mai tutar Birtaniya. Ina ɗan sakandare a lokacin, kuma abin da na fara cewa shi ne su waɗannan turawan me ya haɗa su da James Brown.

Kawu ne ya warware min. Ya ce a Landan na wancan lokacin akwai samarin da ake kira mod, yawancinsu 'ya'yan leburori da ƙananan ma'aikata, albashin sati yana shigowa sai a kai wa tela a ɗinko kwat ɗan matsattse irin na Italiya, a hau Vespa ko Lambretta an cika mata madubai da fitilu, a kwana ana rawa, wasu har da ƙwaya don kada barci ya ɗauke su. Kuma kiɗan da suke mutuwar so ba na turawa ba ne, na baƙaƙen fatan Amurka ne, Motown da blues da soul, irin kiɗan da ake kira R&B. To su The Who daga unguwannin yammacin Landan suka taso, wajen Acton da Shepherd's Bush, waɗannan samarin su ne masu sayen tikitinsu, in ba ka iya R&B ba babu mai sauraronka. Daga ƙarshen 1964 suna wasa duk ranar Talata a kulob ɗin Marquee, fastar tallar ma abin da aka rubuta a kai ke nan, Maximum R&B. Ka ga ke nan I Don't Mind da Please, Please, Please na James Brown da I'm a Man na Bo Diddley ba baƙi ba ne a faifan, abin da suke ci da shi ne kowane dare.

Amma fa zan faɗa maka gaskiya, waɗancan biyun na James Brown ba su ne ƙarfin albam ɗin ba. Roger Daltrey, mai rera musu waƙa, ya yi iya yinsa, yana matse murya yana roƙo, sai dai duk wanda ya san na asali zai ji akwai tazara, kawuna da ya san James Brown ciki da bai har ɗage allurar yake ya tsallake su. Ni ba na tsallakewa, don ta nan nake gane inda suka fito. A watan Afrilu 1965 suka fara naɗa, yawanci waƙoƙin mutane, sai aka dakatar, Pete Townshend mai jitarsu ya zauna ya rubuta nasa, suka koma situdiyon IBC a Oktoba tare da furodusa Shel Talmy. Wannan wata shidan shi ne bambancin da kake ji tsakanin waƙoƙin mutane da nasu na kansu.

Je ka sake saka My Generation ɗin kanta, amma wannan karon ka bar muryar, bi bes, wato jitar nan mai kaurin sauti. John Entwistle mai kaɗa bes ɗin yana da wurin da kowa ke ja baya a bar shi shi kaɗai yana amsawa da jita, abin da ba a saba ji ba a waƙar rediyo a lokacin. Tsarin ma na kira da amshi ne, mai waƙa ya faɗa 'yan amshi su karɓa, daga R&B suka ɗauko shi suka ƙara masa fushi. Ga in'inar da Daltrey yake yi da gangan kamar yaron da magana ta cika masa baki ta ƙi fita. Sai Keith Moon, shekararsa 19 kacal, yana dukan ganguna kamar ana binsa bashi, musamman a The Ox da babu waƙa sai kiɗa zalla, Nicky Hopkins yana binsa da fiyano a guje. Ranar da na fara jinta sifikar kawu har rawa take a kan kabad, goggo ta leƙo daga kicin tana tambaya ko wani abu ne ya fashe. The Kids Are Alright kuma ita ce mai taushin, ita nake sakawa in ina tuƙi. Waƙar My Generation ta kai ta 2 a jadawalin Birtaniya, albam ɗin ya kai na 5.

Abu ɗaya da za ka kula da shi, duba wanne ka sauke. Na Amurka da ya fito a 1966 sunansa The Who Sings My Generation, kuma an cire I'm a Man a ciki. Sannan sun yi rigima da Talmy har kotu, kaset ɗin asali ya zauna a hannunsa shekara da shekaru, sai 2002 aka fitar da sabon haɗi na sitiriyo. Na saya da ɗoki, na ji shi tas-tas amma ƙarfin ya ragu, wasu ƙare-ƙaren jita ma babu su. Nemi na mono, wato haɗin asali, kuma don Allah kada ka ji shi da sifikar waya, bes ɗin gaba ɗaya ɓacewa yake. In ka gama ka zo ka faɗa min ko kai ma tsallake na James Brown ɗin za ka riƙa yi irin kawu.