Tambaya da Amsa: Suna ɗaya, ƙamshi ya sha bamban

Tambaya: Assalamu alaikum Anti. Maigidana ya dawo daga Umra da tsarabar turaren oud iri biyu, kamfani ɗaya, suna ɗaya: na mai a 'yar kwalba, da na fesawa. Na fesawar yana cika ɗaki, amma kafin la'asar ya gudu. Na man kuwa da farko wani wari-wari yake kamar na jimammiyar fata, sai can ya yi daɗi. Jabu aka sayar masa ne? (Daga wata mai karatu a Zariya)

Amsa: Wa alaikumus salam ƙanwata. Kwantar da hankalinki, abin da kika bayyana bai nuna an cuce shi ba. Wannan warin fatar da ya tsorata ki, ni shi ne ma yake sa in ƙara yarda da mai.

Oud daga bishiyar Aquilaria yake fitowa, wadda ke tsirowa a Assam ta Indiya, da Kambodiya, Biyetnam da Indunusiya. Sai bishiyar ta ji rauni, fumfuna ta shige ta, sannan take fitar da wani baƙin ƙaro don kare kanta. Wannan itacen ake jiƙawa a dafa kwana da kwanaki a tatso man. An sare bishiyoyin har suka yi ƙaranci, shi ya sa a 2004 aka sa duk danginsu cikin yarjejeniyar CITES mai taƙaita cinikinsu. To kin ga dalilin tsada. Da tola ake auna man, wato kusan giram 12, kuma na Indiya musamman an san shi da wannan warin na farko kafin ya buɗe ya koma zaƙi da hayaƙi-hayaƙi.

Na fesawa kuwa mafi yawan abin da ke kwalbar alkohol ne. Wanda aka rubuta wa eau de parfum, turaren cikinsa yakan kai kashi 15 zuwa 20 cikin ɗari. Alkohol ɗin ne ke ɗaukar ƙamshin ya watsa shi, kuma da zafin garinmu nan da nan yake bin iska. Sannan akan haɗa shi da fure, za'afaran ko banila, kuma sau da yawa oud ɗin cikinsa na haɗin sinadari ne. Wannan ba ha'inci ba ne, haka sana'ar take.

Ga yadda nake yi. Mai na fata ne: ɗigo ɗaya a wuyan hannu, ɗaya a bayan kunne, in lokacin hunturu ne in fara shafa basilin maras ƙamshi don busasshiyar fata ba ta riƙe turare. Kada ki kuskura ki ɗiga shi a farin kaya. Na taɓa ɓata sabuwar farar shadda ranar kamun ƙanwata, tabon ruwan ƙasa a daidai wuya, har yau bai fita ba. Tufafi da mayafi ki ba su na fesawar daga ɗan nesa, yadi ya fi fata riƙe shi.

Ki ajiye su duka a cikin durowa, nesa da rana. Kuma ki ba man nan minti talatin a jikinki kafin ki yanke masa hukunci.